Ruwan Zafi a Bayan Gida

Sink ɗinmu na kicin ya toshe, na fito da tukunya ke nan zan watsar da ruwan taliya a bayan gidanmu na unguwar Glenwood a nan ƙasar waje, sai na ji an ce, "Tsaya!"

Maƙwabciyata ce ta leƙo ta saman shinge. Dattijuwa ce 'yar ƙasar Wales, sana'arta rubuta labaran ban tsoro. Ta ce in yi haƙuri, labarin da take rubutawa ne ya hau mata kai. A bakin kakarta ta ji shi: wani manomi kullum yana watsa ruwan wanke-wanke a ƙofar gida, ashe mutanen ɓoye ne a ƙarƙashin wurin, ruwan yana sauka a kan 'ya'yansu. Shanunsa suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Mama, ai mu ma ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai an yi bismilla, kada a ƙona 'ya'yan aljanu. Har dukan ludayi na sha wurin kakata a kan haka."

Ta ce, "To me ya sa ban ji kin yi ba?"

Ban ma san ranar da na daina ba, kamar aljanun ma a Zariya na baro su. 'Yata Hanan ba ta taɓa jin zancen ba.

Na ajiye tukunyar ta huce, na kira Hanan muka zubar tare, da bismilla.

Ku da ke zaune a waje, me kuka daina ba ku sani ba, sai da bare ya tuna muku?