Cire Wayar

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Kowa Ɗago-Kai yake ce masa, saboda tun yana saurayi ba shi da magana a bayan kyamara sai "ɗago kai kaɗan." Ya faɗa wa angwaye, ya faɗa wa 'yan makaranta, har ragon wani ya taɓa faɗa wa. Shagonsa ɗaki guda ne da rabi: gaba benci da labule mai zanen teku, baya kuma lungun da yake wanke fim a da, wanda yanzu kwamfuta ta gaje.

Haƙurinsa har ya yi yawa, kuma aikin fim ne ya koya masa. In abu ya rikice a cikin duhu ba a taɓa komai, jira ake yi. Da zamani ya kashe fim, abokan sana'arsa suka watse, shi ya ƙi. Ya koyi kwamfuta da yatsa ɗaya, yana aiki yana harararta, har ya zama in hoto ya tsufa ko ruwa ya ci shi, wurinsa ake kawowa gyara.

Autarsa, wadda ke aikin ofis a can ƙarshen gari, ita ta saya masa kwamfutar, kuma ba ta gajiya da wa'azi. Kar ya buɗe saƙon wanda bai sani ba. Kar ya kashe kwamfuta daga bango, lalacewa take yi. Ƙaramar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, wadda yake kwafe hotuna a ciki, ya riƙa zare ta yana ajiyewa. Duk "to" yake cewa. Ma'ajiyar dai bai taɓa zare ta ba, wai kar ta ɓace. Saƙon baƙo kuwa, mai hoton da ya ƙi baƙo me zai ci?

Ana cikin haka Iya mai wanki ta kawo masa wani firam naɗe a zani. Hoton ɗanta ne, direba, wanda ya rasu a hanya tun shekarun baya, kuma shi kaɗai ne hotonsa a duniya. Rufin ɗakinta ya yi yoyo, hoton ya manne da gilashi. Ɗago-Kai ya fara ɗaukarsa a na'ura, sannan ya gwada raba shi da gilashin. Fuskar ta ɗaye, ta zube kamar ɓawon ƙwai. Iya ta dafe ƙirji.

"Kwantar da hankalinki, Iya, yana cikin kwamfuta," in ji shi. "Sabo fil zan ba ki."

Ya yi kwanaki yana gyara, ɗigo bayan ɗigo. Ya ce ta zo ta karɓa.

Ranar da za ta zo, da safe, saƙo ya shigo daga wani da bai sani ba, wai ga hotunan biki a wanke masa. Ya buɗe, bai ga komai ba. Ya ja tsaki ya ci gaba da harkarsa. Can wajen tsakar rana ya ji kwamfutar tana huci, komai ya taɓa sai ta yi nauyi. Ya sa tabarau ya duba allon. Ƙananan hotunan nan da ke jere suna komawa farare, ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, kowane suna ya fito da wata jela ta baƙaƙen da bai sani ba. Hoton ɗan Iya yana can ƙasa, a cikin sababbi.

Wayarsa tana jone da kwamfutar, don a nan yake cajinta kullum. Haka ya jawo ta da igiyarta ya kira Auta.

"Auta, hotuna suna mutuwa! Fari suke zama!"

"Baba, ka buɗe wani saƙo yau?"

"Guda ɗaya ne kawai…"

"Wayyo Allah! Ɓarayi ne, kulle maka su suke yi. Cire wayar, Baba! Cire wayar ka kashe, yanzu-yanzu!"

Karon farko a rayuwarsa ya bi maganarta babu musu. Ya fizge wayarsa daga jikin kwamfutar, ya danna ta har ta mutu, ya jefa a aljihun tebur ya rufe. Ita kuwa baiwar Allah wayar wuta take nufi, wadda ke jikin bango, kwamfutar take so a kashe. Abin haushi, ga ta nan kusa, da ya miƙa hannu da ya taɓa ta.

Ya tsaya yana jiran abin ya lafa. Bai lafa ba. Layi bayan layi suna tafiya: amaren da suka zama kakanni, jariran da yanzu suke da gemu. Ya duba ma'ajiyar, ita ma ta yi fari tas. Ya danna hoton ɗan Iya don ya buga shi ko a takardar banza ce, kwamfutar ta ƙi motsi. Ya kalli soket, ya tuna an ce kar ya kashe daga bango, ya janye hannu. Da farin ya iso layin ƙarshe, dattijon nan sai ya ɗora tafin hannunsa a kan ɗan hoton ya danne, yana ta "don Allah, don Allah," shi kansa bai san wa yake roƙo ba.

A haka Auta ta same shi, ta diro daga babur ko takalmi ɗaya babu. Ta fizge wayar bango, allon ya yi baƙi.

"Baba, ina ta kira! Me ya sa ka kashe waya?"

"Ke kika ce."

Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Daga baya ta yi masa bayani: ɓarayin za su nemi a biya su, kuma ko an biya ba lalle su buɗe ba. Za ta kai wa masu gyara kwamfutar, amma kar ya sa rai.

Da yamma Iya ta zo, ta yi kwalliya da zaninta na fita, ta zauna a benci.

"Mai hoto, an gama?"

Ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ba ta gane zancen ɓarayin da ba su fasa ƙofa ba, amma ta gane babu hoto. Ta murza bakin zaninta.

"Ni fa fuskar ta fara ɓace mini, shi ya sa na kawo," ta ce. "Kai da ka kwana biyu kana kallonsa, faɗa mini yadda yake."

Ɗago-Kai ya rufe ido. Shi sai ya ƙara wa hoto girma yake aiki, gutsure-gutsure, bai taɓa ja da baya ya kalli yaron gaba ɗaya ba.

"Akwai tabo a girarsa ta hagu," ya ce. "Kunnensa ɗan ƙarami ne. Maɓallin wuyan rigarsa a buɗe yake."

"E, haka yake, ba ya son maɓalli," in ji Iya, ta matso. "Sai kuma me?"

Ya lalubo, ya sake lalubawa. Iyakar abin da yake da shi ke nan, ita kuwa tana jira.