Dattijon da ke Tsayawa a Shagon Aski

Tun yana saurayi yake aski a wani shago na bakin titi, mai kujera biyu da dogon madubi a bango. 'Yan unguwa na kiransa Baba Almakashi. Ya aske uba, ya aske ɗa, har jikoki sun fara zuwa. Mutum ne mai barkwanci. In mai sanƙo ya zauna, sai ya tambaye shi ta ina za a fara neman gashin.

Bayan rasuwar matarsa ya soma tambayar tsofaffin abokan cinikinsa ko baƙi ne a garin. Babbar 'yarsa ta kai shi asibiti. Likita ta faɗa masa kalmomi uku ta ce ya riƙe, ta tambaye shi watan da ake ciki, ta ba shi takarda ya zana fuskar agogo. Ya cusa lambobin duka a gefe guda. Da ta nemi kalmomin nan bai ko dube ta ba, idonsa na kan gilashin kabad ɗin da ke bayanta.

"Har nan ya biyo ni," in ji shi a hankali.

Ya ce wani dattijo ne da ke tsayawa a shagonsa kullum, ba sallama, ba zama, sai kallo. Likita ta ja 'yar gefe ta ce alamun ciwon mantuwa ne, kuma wasu masu shi kan daina gane fuskarsu. Ta ce a rufe madubai, a raba shi da reza.

Aka rufe shago. 'Yar ta ɗauke shi zuwa gidanta, ta lulluɓe madubin ɗakinsa da mayafi, ta kulle kayan aikinsa a akwati. Ya natsu, sai dai yakan tsaya gaban mayafin yana kasa kunne.

Wata rana da hantsi ta dawo daga kasuwa, ta tarar da shi zaune a falo, tawul a wuya, kai a aske ƙwal har ƙeya, babu ko ƙwarzane. Akwati na nan a kulle, makulli na jakarta. Ta tambaye shi wa ya zo.

"Ashe dattijon nan ma sana'arsa ke nan. Hannunsa da sanyi, amma ya iya."

Ta share gashin da ya zube a ƙasa. Da yamma mijinta ya cire madubin ya fitar da shi daga gidan. Baba yana nan da rai, yana ci yana sha, amma ba a ƙara barinsa shi kaɗai ba.