Gemun Ƙanina

Har yau in na ji warin bagaruwa da jiƙaƙƙiyar fata, ƙanina ne ke faɗo mini a rai. Mu majema ne a Birnin Damagaram, a bakin ramin jima muka tashi ni da shi. Na girme shi da damina biyu, amma in ka gan mu tare sai ka rantse shi ne wa.

Shi jikinsa bai ɓata lokaci ba. Murya ta buɗe, kafaɗa ta yi faɗi, gemu ya fara tsiro. Ni kuwa ina nan jiya i yau, kamar dawar da aka shuka a inuwa. Na daina zuwa wanka tafki da sa'o'ina don kada a ga hammatata fayau. In na yi sallama a ƙofar gidan mutane, sai in ji mata daga ciki suna tambaya 'yar wa ce. Kaka ta dafa mini saiwoyi, ta ɗura mini fura da nono, ta ce jinin gidanmu ne, kakana ma sai da ya makara. Ban yarda da ita ba. Ƙanina bai taɓa yi mini dariya ba. In an tsokane ni a kasuwa shi ke tare mini faɗa, kuma wannan ya fi dariyar yi mini ciwo.

Da Nasara suka shiga babban yaƙinsu, aka ce kowane gida mai samari ya kai ɗaya bariki a yi masa soja. Baba ya tura ƙanina gonar kawunmu a Zermu, ya sa ni gaba muka tafi. A hanya ya ja mini kunne, ko me aka ce kada in buɗe baki. Dabararsa ita ce likita ya ƙi ni, shi ke nan gidanmu ya fita. Ni ban gane ba. Tafiya nake ina jin daɗi, wai yau Baba ya lissafa ni cikin maza.

A bariki aka tuɓe mu samari a tsakar rana. Likitan Nasara ya jingina ni da sandar awo, kaina bai kai zanen ba. Ya ɗaga hannuna ya leƙa hammata, ya faɗi wani abu da bakinsu, sojoji suka fashe da dariya. Tafinta ya dubi Baba ya ce, "Tsoho, namiji aka ce ka kawo, ka kawo mana ɗan goye."

Baba ya sunkuyar da kai, aikinsa ya yi kyau. Ni kuwa kunya ta rufe mini ido.

"Ni ba yaro ba ne," na ce. "Ƙanina ma da na girma yana da gemu."

Tafinta ya juya ya fassara. Baba bai dube ni ba har muka iso gida.

Bayan kwana uku aka zo da ƙanina daga Zermu. Ranar da za su tashi ya cire rigarsa ta saƙi ya miƙo mini. "Yaya, riƙe mini. Kafin in dawo ma ta yi maka daidai." Ya san abin da na faɗa, kowa a unguwa ya sani, amma bai ɗago maganar ba. Inna ce ta daɗe ba ta iya haɗa ido da ni.

Bai dawo ba, ko labarin inda aka binne shi ba mu samu ba. Damina biyu bayan tafiyarsa jikina ya tashi a lokaci guda, kamar yadda Kaka ta faɗa. Ranar da na gwada rigar na ga ta zauna mini, na shiga bayan ramin jima na yi kuka.

Yanzu samari da ƙafarsu suke zuwa neman soja, har layi suke yi. Jikana kuma ya kama auna kansa a jikin bango, yana ƙunci wai abokansa sun wuce shi. Nakan ce ya yi haƙuri, jinin gida ne, sai in ga bai yarda ba. Gemun da na yi ta roƙon Allah ya ba ni, ga shi ya yi fari har ƙirji. Na ƙanina ban taɓa ganin cikarsa ba.