Faifan Inna a Gonar Gero

Jiya a motar haya daga Kano zuwa Rano, direba ya rataye wani tsohon faifan sidi a jikin madubi, yana lilo yana haske mini ido. Kai mai karatu, bari ka ji abin da faifan nan ya tuna mini.

Ina shekara biyar Inna, mahaifiyata, ta rasu. Ba ta bar hoto ba, murya ta bari. Ranar da matan unguwa suka yi daɓen sabon ɗakinta, ita ke ba da waƙa suna amshi, wani maƙwabci ya ɗauka a kaset. Da kaset ya fara taunewa, Baba ya kai Kano aka juye a faifai. Lokacin an kawo Shari'a, kiɗan biki ya ja baya, siminti kuma ya kashe daɓe, irin wannan waƙa ba inda za ka ƙara jinta. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Baba zai ciro faifan, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga, ya kunna. Kana jin madaɓai suna dukan ƙasa tim-tim, can tsakiya Inna ta yi dariya ta ce, "Ku ɗauke mini yaron nan, zai taka!" Ni ne yaron.

Sai ga Baffa, ƙanen Baba, ya gama karatu a birni ya dawo da kwamfuta. Mutum ne da komai na gidanmu ƙauyanci ne a wurinsa. Ya ce, "Haba Yaya, wa yake ta faifai yanzu? Abin da ke karcewa! In ya shiga nan, sai tashin duniya." Kwana biyu ya juye faifan gidan kaf. Ba zan yi masa ƙarya ba, sautin ya fita tas, ba tsalle ba sarƙewa. Baba ya saki jiki, bai ma karɓo nasa daga ɗakin Baffa ba.

A damunar nan tsuntsaye suka sa geronmu na gonarmu ta garin Tarai a gaba. A wajenmu, matattun faifai ake ɗaure wa zare a rataya a gona, ƙyallinsu ya kore su. Ranar Baba ya tafi kasuwar Kibiya, Baffa ya ware na wa'azi da na karatu saboda sunan Allah, sauran ya zuba a buhu ya miƙo mini. Na Inna ba rubutu a kansa, ya bi na waƙoƙi. Da hannuna na ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, ina murna wai an ba ni aikin manya.

Bayan girbi kwamfuta ta ƙi tashi. Baffa ya kai wa mai gyara a Kano, ya dawo yana washe baki. "An wanke ta, ta koma sabuwa fil!" Wankewar ke nan, ba a bar komai a ciki ba. Da Juma'a ta zagayo Baba ya ce a kawo masa faifansa, sai Baffa ya dube ni.

A babur muka je Tarai, ni da Baba. Rana da ruwa sun ɗaye bayan faifan, har kana hango tafin hannunka ta ciki. Muka tsince su duka, muka kawo gida, muka gwada ɗaya ɗaya har magariba. Na'ura ta juya ta juya, shiru. Baba bai dake ni ba, da ma ya daka. "Allah ya jiƙanta," kawai ya ce. Baffa kuwa wai ƙaddara ce. Ƙaddara! Har yau ina gaishe shi, amma wallahi ban yafe ba, ni kaina ma ban yafe wa kaina ba.

Yanzu wayar aljihuna cike take da muryoyin mutanen da ban haɗa komai da su ba. Kwanaki 'yata, mai sunan Inna, ta tambaye ni ko muryar kakarta siririya ce ko mai kauri. Na buɗe baki zan kwaikwaya mata, na tarar ban tuna ba.