Ƙwayoyin da Na Ɓoye a Kwalla

Akwai ranar da mutum ke mantawa tun kafin a kira Magariba, akwai kuma wadda zai shiga kabari da ita. Tawa wata Asabar ce ta lokacin kaka, a masussukar ƙauyenmu da ke bayan Sandamu, ranar da na kusa rasa jikata ta dalilin hannuna, alhali a ganina gata nake yi mata. Ko tsufa ya kai ni inda zan manta sunayen 'ya'yana, wannan rana ba za ta fita daga raina ba.

Ni mace ce da ba a kawo wa wargi. A unguwarmu cikin Daura, yara in sun hango ni tafe sai kowa ya gyara tafiyarsa. Ban yi boko ba, amma na raini 'ya'ya bakwai, kuma ko cokali aka gusar a gidana sai na sani. Wannan tinƙahon ne ya kai ni ya baro.

Uwar jikar tawa ita ce 'yata ta fari. Yarinyar na da shekara goma sha ɗaya aka ba ni riƙonta, lokacin da aiki ya mayar da ubanta Kano. Tana fama da asma, abin da a zamaninmu muke kira fuka, ga kuma wata irin mura da ke taso mata da ta shaƙi ƙurar hatsi ko furen ciyawa: atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido ya kaɗa ya yi ja, hanci na zuba.

Ranar da uwar ta kawo ta, ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakina da leda a hannu. Kun san yadda muke da ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka zama ka zuba masa ido ana doguwar magana, kada a ce ba ka da kunya. Sai na juya mata gefe ina tsintar wake a faifai.

Ta ce, "Iya, ga maganinta. Wannan ƙwayar likita ne ya rubuta mata, ɗaya kullum da yamma, taunawa take yi, ko da lafiyarta lau. Wannan kuma na shaƙa ne, shi in numfashin ya..."

Na ce, "Ajiye nan. Tun ba a haife ki ba nake raino."

Ta ajiye. Na ji ta ɗan jima a durƙushe, kamar mai son ƙarasawa, sannan ta tashi. Rabin maganar nan a bakinta ya koma Kano.

Da farko na bi umarni. Kullum da yamma in ɓallo ƙwaya ɗaya in miƙa mata. Wata guda bai cika ba yarinya ta murje, tari ya ɗauke, tana tsallen igiya a tsakar gida har sai na daka mata tsawa. Sai na zauna na yi tunani irin nawa. A inda na taso, mai ciwo ke shan magani. Mai lafiya ya riƙa haɗiyar ƙwaya kullum, ai kiran ciwo ne. Kuma na ce in jiki ya saba da ita, ranar da ake buƙatarta ba za ta ci ba. Na tattara sauran na tura ƙasan babbar kwallata, ƙarƙashin zannuwan fita, na ce sai ranar tsanani. Abin shaƙar ma na haɗa da shi, don na taɓa ji a gidan suna ana cewa wanda ya saba da shi ba ya rabuwa da shi har abada.

Yarinya ba ta yi shiru ba, hakkinta ne in faɗa.

"Iya, Umma fa ta ce kullum ne."

"Ummar taki ce ta haife ni, ko ni na haife ta?"

"To ki ba ni na shaƙar in sa a jakar makaranta."

"Ki riƙa zaro shi a gaban mutane kina zuƙa kamar mai shan taba? Ba a gidana ba."

Ta sunkuyar da kai. Ba a ja da ni, ita ma ba ta ja ba. Bayan kamar mako biyu atishawar ta dawo, ta fara ɗan tari da safe. Na gani sarai, ba abin da ke wuce idona. Amma sai na dama mata zuma da citta, na ce sanyin safiya ne.

Ana haka ƙanena ya aiko daga ƙauye cewa gero ya zo gida, in je sussuka kamar yadda na saba duk shekara. Da za mu tafi na buɗe kwalla, na ɗauki ƙwayoyin na ƙulle a haɓar zane, ina yaba wa kaina da hangen nesa. Na ɗauki abin shaƙar, na juya shi a hannuna, na mayar. Har yau in na rufe ido ina ganin hannun nan nawa yana mayar da shi. Na kulle ɗaki, na ɗaura makulli a ƙugu.

Bayan Azahar masussuka ta cika da mata. Turame na amsa wa juna, ana waƙa, ana tsokanar matar ƙanena wai taɓaryarta ta fi ta nauyi. Jikata ta raɓe can gindin wata bishiya ta rufe hanci da mayafi. Abin ya ba ni haushi, don na ga matan ƙauye na kallonta suna murmushi, irin na 'yar birni ba ta iya komai ba.

Na ce, "Ke, taso. Ba a zama a masussuka da hannu biyu. Karɓi ƙwaryar nan ki tara wa gwaggonki."

Ta taso. Matar ƙanena ta ɗaga ƙwarya sama tana shiƙa, tsaba na zuba ƙasa, iska na kwashe ƙaiƙayi. Sai iskar ta juya. Ƙaiƙayin nan gaba ɗaya ya watsu a fuskar yarinya.

Ta yi atishawa ta fi a ƙirga. Ta ce, "Iya, ƙirjina."

Na ce, "Ƙirjin lalaci. Kakkaɓe ki ci gaba."

Ban kai ga ɗaga taɓarya sau goma ba na ji wani sauti a bayana, siriri, kamar kukan ɗan kyanwa da aka rufe a tukunya. Na waiwaya. Ta saki ƙwaryar, ta dafa gwiwoyinta, kafaɗunta na hawa suna sauka. Ramin wuyanta yana lotsawa ciki duk jan numfashi. Ta buɗe baki za ta kira ni, kalmar ta ƙi fita.

Turame suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Ko a lokacin ban tsorata ba, don ina ganin maganin na ƙulle a zanena. Na ce wa mata su ba ta wuri, na kwance haɓar zane, na ɓallo ƙwaya na sa mata a baki. Ta tauna da ƙyar. Na tsaya ina jiran in ga aiki. Shiru. Na ƙara ta biyu. Kukan ƙirjin sai ƙaruwa yake, gumi ya jiƙe mata goshi. Na ɓallo ta uku, ta kawar da kai, don ba ta da sararin tauna da numfashi a lokaci guda.

Matar ƙanena ta ce, "Yaya, a yi mata hayaƙi. Akwai saiwar da muke turarawa." Kafin in amsa har wata ta rugo da kasko da garwashi. Hayaƙin na isa ga yarinya ta ture kaskon da ƙafa, idanunta suka firfito. Sai ta kama bakin zanena ta ja. Ta kai hannu bakinta, ta dunƙule, tana danna yatsa sama da ƙasa, tana kallona.

Na gane abin da take roƙo. Yana Daura, a ƙasan kwalla, ƙarƙashin zannuwa, makullin kuma ga shi a ƙuguna yana taɓa fatata. Ban taɓa jin ƙarfe ya yi sanyi irin na ranar ba. Na dubi leɓɓanta, na ga sun fara komawa launin toka.

Allah ya kawo ƙanena daga gona a kan babur. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce, "Yaya, me ake jira?"

Ni da na sha rantsuwa ba mai ganina a kan babur, ban san lokacin da na haye ba. Muka sa ta a tsakiya, na rungume ta ta baya. Hanya duk yashi da kwazazzabai, babur na tangaɗi, ƙanena na tokarawa da ƙafa. Tafin hannuna na kan haƙarƙarinta, ina jin yadda suke fama kamar tsuntsu a cikin keji. Ba addu'ar da ban karanto ba. Can muna tsakiyar tafiya sai kukan ƙirjin ya ragu, kanta ya langaɓe a bayan ƙanena. Na ɗauka sauƙi ne. Daga baya aka gaya mini cewa wannan shirun shi ya fi komai haɗari, iskar ce ta kusa daina shiga.

Na mintsine ta a cinya. Na sa baki a kunnenta na ce, "Ke, kada ki kuskura ki rufe idon nan. Ban ba ki izini ba." Ta buɗe su kaɗan. Haka na yi ta mintsininta ina yi mata faɗa har muka isa asibiti, don faɗa kaɗai na iya.

Wata malamar asibiti ce ta karɓe ta, yarinya ƙarama da ba ta wuce sa'ar autata ba. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta zaunar da ita, ta rufe mata hanci da baki da wata roba mai fitar da tururi, ta kira abokin aikinta aka yi mata allura. Na tsaya jikin bango, ƙafa ba takalmi, ban ma san inda suka faɗi ba. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ga kafaɗun nan sun fara sauka a hankali, leɓe ya fara dawowa kamanninsa.

Sai malamar ta juyo gare ni. "Iya, ina abin shaƙarta?"

"Yana gida."

"Me aka ba ta?"

Na kwance haɓar zane na miƙa mata. Ta duba, ta ɗago. "Wannan ai ta kullum ce. Yaushe rabonta da ita kafin yau?"

Ƙarya ta zo har bakina. Na haɗiye ta. Na ce, "Ya kai mako uku. Ni na hana. Yau na ba ta biyu."

Na zaci za ta yi mini tsawa, kuma da ta yi da ban ce uffan ba. Sai ta jawo kujera ta ce in zauna.

"Iya, ɗakinki soro ne?"

"Soro ne."

"Yaushe kike sa a yi masa yaɓe?"

"Kafin damina."

"In kin bari sai ruwa na zuba a kan gadonki, kwaɓa ƙasa zai tsayar da shi?"

Na ce, "Ba zai tsayar ba."

Ta ce, "To ƙwayar nan yaɓe ce. Aikinta a hankali take yi, kullum kaɗan kaɗan, don kada ciwon ya samu ƙofa. Lafiyar da kika gani, ita ce ta kawo ta. Amma in numfashi ya riga ya sarƙe, ko goma kika ba ta ba za su buɗe shi ba, sai dai ki ƙara mata wata matsalar. Abin shaƙar ne na wannan lokacin, kuma ba ya kama mutum kamar yadda ake faɗa. In an shaƙa bai saki ba, sai asibiti, ba jira, ba hayaƙi."

Ta ci gaba da yi mini bayani kamar mai koya wa yaro alwala. Ɗaya ce a rana, ba a ƙarawa. In an manta yau, gobe ba a haɗa biyu. Ba a dainawa sai likita ya ce. Ba a sammawa maƙwabci don an ji yana tari. Ta ce kuma in sa ido a kan halin yarinyar: in na ga ta sauya, tana yawan fushi ko ƙunci ko mugayen mafarkai, in hanzarta sanar da likita, kada in yanke hukunci ni kaɗai. Suka riƙe ta kwana ɗaya don su ga yadda jikin zai yi.

Da aka cire mata robar, na matsa kusa ina neman abin da zan ce. Ta dube ni, murya a dishe, ta ce, "Iya, ashe kin iya hawa babur."

Na ce, "Rufe mini baki, marar kunya." Na juya wa bango fuska don kada ta ga abin da ke zubo mini.

Ni da kaina na sa ƙanena ya kira uwar a waya. Washegari ta iso. Ta zo za ta durƙusa daga nesa kamar yadda ta saba, na ce ta matso ta zauna a gabana. Na dubi tsakiyar idonta, abin da ban yi ba tun tana goye, na gaya mata duk abin da na aikata ban rage komai ba. Sannan na ce, "Maganar da kika fara ranar nan na katse ki, faro ta daga farko. Ina ji." Ta yi kuka, sannan ta faɗa, har ƙarshe. Ba wata sabuwa a ciki. Duk abin da malamar asibiti ta gaya mini, yana cikin rabin maganar da na ƙi saurara.

Da muka koma Daura na kai abin shaƙar wurin baduku, ya ɗinka masa 'yar jakar fata mai igiya. Na rataya mata a wuya da hannuna, na ce duk wanda ya yi mata dariya ta turo mini shi. Ƙwayar kuwa ban mayar da ita kwalla ba, na ajiye ta kusa da dardumata. Ina sallame Magariba nake miƙa mata, har ta girma ta karɓi abinta. Masussuka kuwa ba ta sake takawa ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, shekaru da yawan raino ba su ne sanin magani ba. Abin da likita ya rubuta, a bi shi yadda ya ce, a lokacin da ya ce, ko da ido na ganin lafiya. Kuma in ana yi maka bayanin da ran wani ya rataya a kansa, ka ajiye faifai ka juyo, ko da mai maganar ɗan farinka ne. Kunya ado ce, ban musa ba, amma ba ta taɓa buɗe wa kowa numfashi ba.