Doña Herminia da Jariran da Ba a Ƙirga Ba

Kafin motocin da ke kwasar ma'aikata zuwa gonakin inabi su gama fita daga San Ponciano, Doña Herminia Zárate ta riga ta ajiye tsohuwar motarta a gaban gidan burodin Don Celerino. Kofi ba sukari take sha. Tana tsaye a ƙofa da kofinta, tana kallon matan da ke wucewa da yara naɗe a bargo, za su kai su wurin mai raino kafin su shiga gona. Wadda ta sani ta gaishe ta, wadda ba ta sani ba ta tambayi sunanta da na ɗanta. Daga nan sai ofishin ilimi na gundumarmu, cikin wani ɗan ɗaki marar taga, inda take wuni gaban alƙaluman ƙidayar jama'a. Haka ta yi fiye da shekara talatin. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ni ba na yabon mutum don ya yi abin da ake biyansa ya yi. Amma matar nan ta wuce nan, kuma gara a faɗa tana ji da kunnenta.

Aikinta shi ne ta ɗauki abin da ƙidaya ta tattara, ta bayyana wa masu yanke shawara halin da ƙananan yaranmu suke ciki, waɗanda aka haifa nan Kaliforniya amma ba su jin Turanci sai sun shiga makaranta, domin a gida Sifaniyanci ake yi ko Mistek, harshen ƙauyukanmu na asali. Wasu takardun ofis ba su da amfani sai kunna wuta. Nata ba haka suke ba. Ita ta nuna cewa a yawancin gidajen nan babu babba ko ɗaya da zai karanta wasiƙar makaranta, aka fara aiko ta da harshen iyaye. Ita ta lura ƙidaya tana tambayar lokacin da mutum ke fita aiki, ta nuna iyayen suna fita tun da asuba, shi ya sa ajin share fage yake rabin wofi, aka dawo da lokacin buɗe shi daidai da fitar motocin gona.

Ajin nan na share fage shi ne inda yaranmu ke fara jin Turanci kafin firamare, kuma a kansa aka gane ko ita wace ce. Wata shekara, tana matashiya a aikin, hukumar ilimi ta ce za ta rufe shi ta kai shi can babban gari, don ƙidaya ta nuna ƙananan yara ba su da yawa a San Ponciano. Babban gari kuwa ba uwar da za ta iya kai ɗanta can ta dawo ta sami motar gona. Wanda ya rasa ajin zai shiga firamare kamar kurma, ana magana yana kallon baki. Kuma rahoton da hukumar ta dogara da shi, Herminia ce ta rubuta shi.

Washegari Don Celerino bai bari ta kurɓi kofinta ba. Ita ce ta riƙe 'yarsa ƙarama ranar baftisma, abin da ya sa yake kiranta comadre, don haka yana ganin yana da bakin magana.

"Comadre, biron fa a hannunki yake. Inda aka rubuta kaɗan, ki ƙara musu. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Ke dai da taurin kai! Leƙa waje ki gani, garin nan yara sun fi kaji yawa."

"Na gani, Don Cele. A ƙidayar da ta wuce, mutum nawa ka rubuta a gidanka?"

"Huɗu mana. Ni, da matata Macedonia, da 'yan matan nan biyu."

"Mutanen da ke zaune a garejinka fa?"

"Ai baƙi ne."

"Baƙin da suka shuka lemu a tsakar gidanka har muka sha 'ya'yansa bara?"

Masu sayen burodi suka fashe da dariya. Don Celerino ya goge hannu a rigar aikinsa, ya ce, "To ko an rubuta manyan, jarirai kuma na mene ne? Ba sa aiki, ba sa biyan haya. Ƙidaya ta manya ce."

"To ga mai rufe ajin nan a gabana," in ji ta. "Ba ni canjina."

Ba shi kaɗai ba ne, duk haka muke. Ɗan ƙauyenku ya taso daga duwatsun Oaxaca ya sauka a gidanka, baƙo ne ko zai shekara goma. Ka ce a nan yake zaune, kamar ka ce ya fara biyanka haya ne, kuma wannan abin kunya ne a wurinmu. Karamci ne, ban musa ba. Amma karamcin nan shi ya shafe rabin garin daga takarda, jarirai kuwa ko a gidan ubansu ba a sa su.

Herminia ta tafi gaban hukuma, ba ta janye rahotonta ba. Ta ce abin da mutane suka rubuta ke nan, amma ba su rubuta duka ba. Sabuwar ƙidaya tana tafe da bazara, a jira sakamakonta. In ta fito kamar ta baya, da hannunta za ta rubuta a rufe ajin. Suka yarda.

Doña Herminia, ke ce kika ƙi ƙara yaro ko ɗaya da biro, alhali kowa zai tafa miki in kin yi. Kika zaɓi hanyar da ke cin takalmi.

Duk ranar Lahadi tana gidan wanki, inda mata ke taruwa gaban injina. Matan da suke wurin har yau suna ba da labari. Sai ta tsinci 'yar safa a kwandon mace ta ɗaga sama. "Wannan ta mijinki ce? Ƙafarsa ta motse ke nan?" In dariya ta lafa, ta ce mai safar nan a rubuta shi. Ta bi ƙofar coci, ta bi filin ƙwallo, ta ci tamale, alalen masarar nan, a bikin baftisma har ta gaji da shi.

Wadda ta fi ba ta wuya ita ce Eufrosina, mai zama a garejin Don Celerino da mijinta da 'yarsu Anayeli, wadda a lokacin ko yaye ta ba a yi ba. Sifaniyancinta kaɗan ne, tsoronta da yawa.

"Doña, in na sa sunanta, 'yan shige da fice za su zo su kwashe mu."

"Ƙanwata, ni da nake wannan aiki ban taɓa ganin sunan kowa ba. Lamba kawai ke zuwa gabana, kuma doka ta hana a ba kowa sunanki."

"In ban sa ba fa?"

"Ba abin da zai same ki. Sai dai ranar da yarinyar nan ta isa shiga aji, za a ce babu ita."

Eufrosina ta waiga ta dubi 'yar da ke bayanta. Ta ce sai in mai gidan, Don Celerino, ya yarda. Mai gidan kuwa, da takardar ta zo, shi ya zauna a kan teburin murza burodi ya kira mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, har da na goye. Sati guda yana cika baki wai gidansa ya fi na magajin gari jama'a, kamar dai shi ya ƙirƙiro dabarar.

Sakamako bai fito ba sai bayan fiye da shekara, kuma a tsawon wannan lokaci ban ji Herminia ta yi wa kowa alkawarin nasara ba. Da ya fito, yaran da muke tuntuɓe da su a titi suka bayyana a takarda. Ba a rufe ajin ba. Bayan 'yan shekaru ma sai da aka ƙara na biyu.

Lahadin da ta wuce aka yi mata walimar ban kwana a harabar ajin. Malamar da ke koyarwa a ciki yanzu ita ce Anayeli, ta zo da jaririnta a kafaɗa. Don Celerino, da sandarsa, yana gaya wa duk mai saurare cewa shi ya fara ba comadre shawara. Herminia kuwa ta juya wurin Anayeli. Ta kama ƙafar jaririn ta duba safarsa.

"Wannan fa, in ƙidaya ta zo?"

"Shi zan fara rubutawa, Doña, kafin ubansa."

Doña Herminia, ke ce mai ƙirga waɗanda ba su iya cewa ga mu ba. Kin sami dama ki yi mana ƙarya don amfaninmu, kika gwammace ki sa mu faɗi gaskiya da bakinmu. Mun gode. Ki huta, ki sha kofinki a zaune.

Ku kuma masu zama gaban alƙaluma a ofis, ku riƙa fitowa kuna ganin mutanen da ke cikinsu, kamar yadda ta yi. Sauranmu aikinmu bai kai nata wuya ba. Ranar da takardar ƙidaya ta shigo gidanka, ka leƙa gareji, ka leƙa bayan matarka, ka fara da wanda ya fi kowa ƙanƙanta.