Bakero da Jar Saniya

Ko zan manta komai, ba zan manta yammacin da kalmar bakero ta shigo gidanmu ba. Lokacin ina 'yar lakkol, wato makarantar boko, a Zinder, na je hutu ƙauyenmu kusa da Dogo. Ni ba mai magana ba ce, sai kallo, shi ya sa Baba yake miƙo mini talho in kunna masa saƙon yayana, wanda ya gudu daga kiwo ya tafi Espaniya.

Muryar Yaya ta fito da dariya. "Baba, na samu aiki! Nan bakero suke ce mini. Daga sunan saniya a yarensu aka ciro shi, wato makiyayi."

Inna ta tafa hannu. "Ja'iri! Ka tsere wa kiwo, ka ƙetare teku ka tarar yana jiranka!"

Baba ya yi murmushi, ya ce in tambaye shi sunayen shanun. Amsa ta dawo: ba su da suna, lamba ce a kunnensu, inji ke tatsarsu, ba sa zuwa daji. Sai muryar ta yi ƙasa. "Baba, ku sayar da jar saniyata. Ba ni da takardu, ba yanzu zan dawo ba."

Saniyar nan Baba ya ba shi tun tana maraƙa. Duk ranin nan shi ke hawa gawo da tsufansa yana sare mata ganye, don mai ita ya dawo ya same ta da ƙiba. Na ga igiyar da Baba yake tufkawa ta tsaya a hannunsa.

"Gaya masa ba ta sayarwa ba ce," in ji shi. "Muryarsa ta sani."

Kafin kaka Baba ya rasu. Yaya bai samu zuwa ko gaisuwa ba. Da ya kira yana kuka, sai na kai talhon turke. Ya kira jar saniyar yadda ya saba. Ta daina tuƙa, ta ɗaga kunne, ta juya tana kallon ƙofar gida.

A ranar na koyi cewa aiki a ko'ina ana samunsa, da kowane suna. Amma inda aka san muryarka, kada ka bar shi yana jira har ya gaji.